Tambaya da Amsa: Ido a Gaban Kyamara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton biki a Jos, yawanci a Unguwar Rogo da Farin Gada. Fuskar amarya tana fitowa tas, amma idanun sai su fito kamar rami, babu rai a cikinsu. Na gwada gyarawa a kwamfuta abin ya ƙi. Kyamarar ce ko ni ne? Daga wani mai hoto, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiya lau take, inda kake tsayar da amarya ne matsalar. Ido a cikin kwarmi yake, ƙashin gira ya yi masa rumfa. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na rana hasken rana daga sama yake saukowa, sai ya haska goshi da karan hanci, ya bar idon cikin inuwa. Ga goggoro ko mayafi da ya ƙara wata rumfar a kan ta farko. Kuma mai kallon rana dole ta ƙanƙance ido, fatar sama ta sauko ta rufe rabin baƙin.

Ka shigar da ita inuwa, amma bakin inuwar: ƙofar zaure, gefen kanofi, ko kusa da taga. Ta tsaya kamar taku ɗaya daga inda rana ta ƙare, fuskarta na kallon waje. A nan hasken ta gaba yake shigowa, ya kutsa ƙarƙashin gira. Abin da kake kira rai shi ne ɗan farin ɗigon nan da ke ƙyalli a kan baƙin ido, wato hoton taga ko sararin sama da danshin ido ya dawo da shi. Kafin ka danna, ka matsa ka duba ko yana nan. Ya fi kyau ya zauna a sama, can gefe, wurin da ƙarfe 10 ko ƙarfe 2 suke a fuskar agogo. Idan babu shi, ta ɗan ɗaga haɓa ko ta juyo kaɗan har ya bayyana. Yaro ya riƙe farin kwali daidai ƙirjinta, kamar rabin mita daga fuska, don ya cike inuwar ƙasan ido. Lokacin hunturu kuwa hazo yana yi maka rabin aikin, domin yana tausasa rana, sai dai ƙura na sa farin ido ya yi ja.

Sai fokas, wato wurin da kyamara ke fitarwa sarai a hoto. Da lensi 85mm a f/1.8 (lambar buɗewar lensi, ƙaramar lamba na nufin a buɗe yake sosai), daga nisan mita ɗaya da rabi, abin da ke fitowa sarai bai wuce kaurin santimita 3 ba. Idan kyamara ta kama hanci ko gashin ido, baƙin idon ya tafi. Ka ɗora fokas a kan idon da ya fi kusa da kai, in fuskar a karkace take ka rufe zuwa f/2.8 ko f/4, saurin shata, wato ƙiftawar kyamara, kada ya gaza 1/200 na daƙiƙa. Game da gyaran kwamfuta, muna roƙon masu hoto su daina wanke farin ido har ya koma kamar alli. Farin idon mutum yana da ɗan toka-toka da siraran jijiyoyi, in aka goge su sai amarya ta koma 'yar tsana.

Tambaya: Ina sana'ar kwalliya a Kubwa, da waya nake ɗaukar aikina in sa a Instagram. Kalar da na shafa a fatar ido ba ta fitowa, kuma idan na matso kusa fuskar sai ta kumbura. Daga wata mai kwalliya, Abuja.

Amsa: Hajiya, kumburin daga matsowar ne. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, duk abin da ya kusance ta girma yake yi. Ki ja baya kamar santimita 70, ki danna 2x ko 3x na jawo hoto kusa, sannan ki yanke hoton daga baya. Ki kashe abin gyaran fuska na wayar, shi ne ke murje layin kwalli da jagira.

Fatar ido kuwa ba ta nuna kanta idan ido a buɗe yake, domin tana naɗewa ciki. In an runtse ta da ƙarfi kuma sai ta tattare. Ki ce wa wadda kika yi wa kwalliyar ta lumshe ido, ta kalli gwiwarta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. A haka fatar ke miƙewa, gashin ido ya kwanta. Hasken ya zo daga taga ta gefe, domin kala mai ƙyalli sai haske ya goge ta a karkace take nunawa. Fitilar zobe da kowa ya saya tana daidaita fata, amma tana baje tudu da kwarin ido, kuma tana barin farin da'ira a tsakiyar ƙwayar. Gashin ido na kanti mai tsawo yana yi wa ido inuwa, don haka ki sauke fitilar zuwa daidai fuska. Ki taɓa idon a allon wayar, ki ɗan rage haske kafin ki ɗauka, kalar za ta fi kamawa.

Abu ɗaya a gefe: kwallin gargajiya na dutse sau da yawa yana ɗauke da gubar dalma. Kada a rambaɗa wa jarirai shi don hoton suna.

Tambaya: A hoton taron dare wasu idonsu ja, masu tabarau fari fat, kuma kullum sai an sami wanda ya ƙifta. Daga wani ɗalibi, Gwagwalada.

Amsa: Ɗan'uwa, jan ido na faruwa ne idan filashi yana dab da lensi. A duhu ɗigon tsakiyar ido yana buɗewa, hasken ya shige har bangon ido na baya mai cike da jijiyoyin jini, ya dawo ja ta hanyar da ya bi. Ka harba filashin zuwa silin, ko ka kunna fitilun ɗaki. Amma in ka ga idon ƙaramin yaro ɗaya yana fitowa fari a hotuna daban-daban, a kai shi likitan ido, kada a tsaya gyara. Mai tabarau ya ɗan ɗaga ƙafafun tabaran daga kan kunne, gilashin ya duƙa ƙasa. Ƙiftawa ba ta kai rabin daƙiƙa, saboda haka ka ɗauki biyar ko shida a jere, ko ka ce kowa ya rufe ido, ya buɗe idan ka ƙirga uku.

Tambaya: Ina koyon zane. Duk idon da na zana sai ya fito a zare kamar mai jin tsoro. Daga wata ɗaliba, Bukuru.

Amsa: 'Yar'uwa, kina zana baƙin ido cikakken da'ira ne, fari ya kewaye shi. Idon da ke cikin natsuwa ba haka yake ba: fatar sama tana rufe ɗan saman baƙin, ta ƙasa kuma tana taɓa gindinsa. Da zarar fari ya bayyana a saman baƙi, mai kallo tsoro ko mamaki zai karanta. Ki fara da ƙwallo, sannan ki lulluɓa masa fatun biyu, ki ba su kauri, ki sa siririyar inuwa a ƙarƙashin ta sama. Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne, kuma layin idanu a tsakiyar kai yake, masu koyo suna yawan kai shi goshi.

Tunda kina kusa, ki je Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ta ƙoƙarin Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ki zauna gaban kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da fensir. Masu ginin sun yi ido mai kusurwa uku ko rabin da'ira, fatar sama kusan a miƙe, gira ta yi baka a kanta, sannan suka huda tsakiyar. Babu fenti ko kaɗan a wurin, duhun ramin ne ke sa ki ji ana kallonki. Ki zana ido ɗaya daga gaba, ki koma gefe ki sake zana shi, ki lura da yadda fatar sama ta turo gaba ta wuce ƙwayar.