Kiɗa Mai Sanyi da Koyon Sabon Harshe

Tambaya: Malam, na fara koyon Faransanci, amma da na buɗe littafi sai gabana ya riƙa faɗuwa, kalmomin ma su ƙi zama. Wani ya ce in riƙa kunna kiɗa mai sanyi ina karatu. Da gaske yana aiki?

Amsa: Yana taimakawa, amma ba ta inda ake zato ba. Kiɗa ba ya cusa wa mutum kalma a kai. Abin da yake yi shi ne kwantar da hankali, kuma ga mai irin matsalarka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun shekarun 1980 masanin harshe Stephen Krashen yake cewa fargaba kan tare wa sabon harshe hanya. Mai tsoron kuskure kunnensa na ji, amma hankalinsa na wani wuri.

Dabarar ta daɗe. A shekarun 1970 wani likita ɗan Bulgeriya, Georgi Lozanov, ya riƙa karanta wa ɗalibai darasi ana kaɗa musu tsohon kiɗan Turai mai tafiya a hankali. A 1993 kuma wani bincike a Jami'ar Kalifoniya ya sa aka yi ta yaɗa cewa kiɗan Mozart, wani shahararren mai tsara kiɗa na Turai, na ƙara basira, alhali ba harshe aka gwada ba, iya hasashen siffofi ne, kuma tasirin bai wuce minti 15 ba.

Inda nake son ka kula shi ne waƙa mai baiti. Idan ka ci karo da sabuwar kalma, maimaita ta kake yi a zuci kafin ta zauna. Muryar mawaƙi kuwa nan take kutsowa, ko da ba ka jin yarensa, sai ka ga ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka riƙe komai ba. Saboda haka zaɓi kiɗa zalla, marar murya, ka rage sautinsa sosai. Ni na fi son ma ka saurara na 'yan mintuna kafin ka fara, idan faɗuwar gaban ta lafa ka kashe.

Lokacin darasin sauraro da furuci kuwa, babu zancen kiɗa. Faransanci na da wasulan da ake fitarwa ta hanci, bambancinsu siriri ne ƙwarai, sai kunne ya samu shiru yake kama su.

Akwai abin da ya fi sauraron kiɗa amfani, wato rerawa da bakinka. A wani bincike na Jami'ar Edinbura da aka buga a 2014, an koya wa manya jimlolin harshen Hungari, kuma waɗanda suka rera su sun fi waɗanda suka faɗe su kawai iya maido da su daga baya. Ɗauki gajeriyar jimla ka ɗora mata karin da ka sani.

Mutane sun bambanta, wani ko ƙaramin sauti ɗauke masa hankali yake yi. Saboda haka gwada kanka: haddace kalmomi 20 da kiɗa, wasu 20 cikin shiru, washegari ka rufe littafi ka rubuta waɗanda ka tuna daga kowane kashi.