Iya Python kaɗai ba zai fisshe ka a wannan kwas ba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta a nan Legas, shekara uku kana rubuta manhaja da Python, kana son sanin ko hakan zai ishe ka a kwas ɗin tsara algoridim mai zurfi, wato tsara matakan da kwamfuta za ta bi ta warware matsala. Allah ya sanya albarka. Amma ba zai ishe ka ba, kuma ni ganau ne ba jiyau ba.

Aikin gida na farko da aka ba mu, na kwana ina bugawa, na gwada, komai na tafiya lafiya lau. Takardata ta dawo da ɗan maki da tambaya guda da jan biro: ina hujja? A wannan mataki so ake ka tabbatar da lissafi cewa dabararka za ta ba da amsa daidai ko me aka zuba mata, sannan ka faɗi yadda lokacinta zai ƙaru idan bayanai suka ninka.

Dubi kwandastan danfo in zai ba ka canji. Babbar takarda yake fara zarowa, sai mai bi mata. Wannan ita ce dabarar haɗama, kuma da takardun naira tana fitar da mafi ƙarancin takardu. To a ce takardun da ake da su 100 ne da 300 da 400, canjinka 600. Haɗama za ta miƙo 400 da 100 biyu, takarda uku, alhali 300 biyu sun gama magana. Mai dogaro da gwaji zai iya shekara bai ci karo da irin wannan ba.

Inda na fi shan wuya shi ne matsalar mai zagaye. Direba ya ɗauko tumatir a Mile 12 zai sauke wa kwastoma 20 ya dawo, wace hanya ce mafi gajarta? In ka ce sai ka gwada kowane jeri, adadinsu ya haura 2 mai sifili 18 a bayanta. A 1962 masana Bellman, da kuma Held da Karp, suka nuna cewa idan kana adana amsar kowane ƙaramin yanki maimakon sake lissafa shi, aikin zai sauko kusan mataki miliyan 400, abin da kwamfutar cinyarka za ta iya. In aka kai kwastoma 60, ita ma wannan dabara ta durƙushe. Matsalar tana cikin dangin NP masu taurin kai, wato matsalolin da ba a san dabarar warware su da sauri ba, babin da masani Cook ya buɗe a 1971, Karp ya faɗaɗa a 1972 da matsaloli 21. Daga nan sai a koya maka haƙura da amsa ta kusa. Dabarar masani Christofides ta 1976 tana ba da hanyar da ba za ta wuce ninki ɗaya da rabi na mafi gajarta ba, amma da sharuɗɗa, ciki har da zuwa da dawowa su zama daidai. Duk wanda ya taɓa tashi daga Oshodi zuwa Obalende da safe ya san in da lokaci ake awo, Legas ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Kafin a fara zango, ka koma kan hujja ta mataki-mataki (ka tabbatar da matakin farko, sannan ka nuna kowane mataki na haifar da na gabansa), da lissafin yiwuwa, da nazarin ɗigo da layi (lissafin wurare da hanyoyin da suka haɗa su). Kullum matsala ɗaya, biro da takarda, kwamfuta a rufe. Ka nemi abokin karatu mai gardama, wanda in ka kawo hujja zai yi ta neman inda ta ɓule. Ni da nawa ranar Asabar muke haɗuwa a Agege bayan azahar, don ranakun aiki cunkoson hanya ba ya barin mutum da sauran kai.