Sinadari mai kama da wiwi a ɗakin gwaji: ya halatta in yi aiki da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne nan Katsina, ina digiri na biyu a fannin haɗa magunguna. Bincikena kan raɗaɗi ne, muna yi wa ɓeraye allurar wani sinadari WIN 55,212-2 da ke aiki a jiki irin na wiwi, mu ɗora su kan faranti mai zafi mu ga ko raɗaɗin ya ragu. Abokina ya ce haram nake ci, wai har rigar aikina ta zama najasa. Mi ne ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. To ɗana, abokinka ya yi gaggawa. Hadisin Muslim ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, duk giya kuma haramun ce, amma magana ce kan sha, kai kuwa ba sha kake ba, ɓera kake yi wa allura. Kuma wuraren da sinadarin ke kamawa, CB1 da ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da CB2 da aka gano a 1993, Allah ne ya halicce su a jikinmu, binciken halittar Allah don neman waraka ai ba laifi ba ne.

Batun najasa kuwa, a wajenmu Malikiyya Imam Ƙarafi ya raba mai sa maye irin giya da mai ɓata hankali irin wiwi, na biyun shansa haramun ne amma shi kansa ba najasa ba ne, Ibn Taimiyya ya saɓa mishi, mu dai kan na Ƙarafi muke. Ka yi sallarka da rigar, sai dai ka duba jini ko fitsarin ɓera, wannan shi ya fi cancanta ka damu da shi.

Inda nake jin tsoro daban ne. JWH-018 ma, wani sinadari mai aiki irin na wiwi, don bincike aka haɗa shi a wata jami'a a Amurka, sai ga shi a 2008 an gano shi cikin kayan maye da ake sayarwa a Jamus, kuma ka ga yanda irin waɗannan abubuwa ke haukata mana yara a unguwanni. Saboda haka ko ɗigo kar ya fita daga ɗakin gwajin, ba ɗanɗanawa, ba bai wa aboki, a samo shi da izinin hukuma, a riƙa rubuta abin da aka ɗiba.

Ɓerayen ma suna da haƙƙi, Allah ya wajabta kyautatawa ga komai. Da ɓera ya fara lasar ƙafa, alamar ya ji zafi ke nan, ka ɗauke shi daga farantin, kuma kar ka wuce adadin da aikin ke buƙata. Wallahu a'alam.