Re: Me ya sa ba a fara ƙirgen shekarar Musulunci daga haihuwar Annabi ba?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi dalilin da ya sa aka fara lissafi daga hijira, ba daga haihuwar Manzon Allah (SAW) ba.

Da farko dai, a zamaninsa babu wannan ƙirgen. Larabawa da abin da ya faru suke gane shekara, shi ya sa ake cewa an haife shi a Shekarar Giwa, wajen 570 Miladiyya. Sai a halifancin Sayyidina Umar, kusan shekara 17 bayan hijira, da daula ta faɗaɗa, wasiƙu suka yi yawa. An ruwaito cewa an kawo masa wata takarda an rubuta "Sha'aban" kawai, ya ce wane Sha'aban ɗin, na bana, na bara ko na baɗi?

Nan ya tara sahabbai. An kawo shawarar haihuwa, an kawo ta saukar wahayi, amma akwai saɓani kan lokacinsu. Wafatin Annabi (SAW) a 632 kuwa, wa zai so ya riƙa tuna wannan baƙin cikin duk sabuwar shekara? Hijirar 622 kowa ya shaida ta, kuma a Madina ne Musulmi suka fara tsayawa da ƙafafunsu. A ganina hujjar nan ta fi ƙarfi.

Abin da ke rikita mutane: ba a Muharram aka yi hijirar ba, a Rabi'ul Awwal Annabi (SAW) ya isa Kuba, kusa da Madina. An dai zaɓi Muharram ya zama farkon shekara ne saboda lokacin alhazai ke komawa gida.