Ina zuwa zance da motar abokina, ta ɗauka tawa ce: na yaudare ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Tudun Wada, Kaduna. Ina gyaran waya a shagon ubangidana, kuma alhamdu lillahi ina samun na rufin asiri. Akwai yarinyar da nake nema a Unguwar Rimi, gidansu masu hali ne. Tun ranar farko da motar abokina na je, har yau ita nake ara in zan je zance. Ban taɓa ce mata motata ce ba, amma na san haka ta ɗauka, har ƙannenta suna cewa "motar Yaya ta iso". Da ta tambayi sana'ata na ce ina harkar wayoyi. Abokaina sun ce kowa haka yake yi, wai in ka je a Keke Napep ko sallamarka ba za a amsa ba. Yanzu ta ce in turo magabatana. Shin na yi ƙarya? Ina iyakar ado, ina farkon yaudara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa alheri a cikin nemanka.

Bari in fara da abin da ba laifi ba ne, don kada ka ɗauka za a ce ka je zance da kayan aiki. Ka yi wanka, ka sa shaddarka mai guga, ka kafa hula, ka fesa turare, ka yi magana irin ta wanda ya san darajar kansa. Duk wannan halal ne, abin so ne ma. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, wani ya ce wa Annabi (SAW) mutum yana son tufafinsa su yi kyau, takalminsa ya yi kyau, ko wannan girman kai ne? Ya amsa masa cewa Allah kyakkyawa ne yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ko aron mota a karan kansa ba komai ba ne. Damina ce, ko zancen dare ne hanya da nisa, ka ari mota ka je ka dawo, wa zai ce ka yi laifi?

Matsalar tana cikin jimlarka guda: "na san haka ta ɗauka". A nan ka riga ka amsa wa kanka rabin tambayar.

Samari da yawa suna fakewa da cewa bakinsu bai furta ƙarya ba. To dubi hadisin algus, wanda shi ma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tara shi tsibi, ya sa hannu a ciki sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Lura da kyau: ba a ce mai abincin ya buɗe baki ya rantse wa kowa cewa kayansa busassu ne ba. Ya dai jera su ne yadda mai saye zai ɗauki abin da ba haka ba, ya yi shiru. Kai ma ka jera mota da "harkar wayoyi" yadda za ta ga mai shago da jari, ka ji ƙannenta suna cewa motar Yaya, ka yi murmushi. Wannan shirun magana ce.

Akwai hadisin da ya fi wannan kusa da halinka. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa wata mata ta tambaya ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Annabi (SAW) ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Wannan fa tsakanin kishiyoyi ne, inda abin da za a samu bai wuce ƙona rai ba. Ina ga wanda za a ɗauki 'ya sukutum a ba shi saboda abin da ya nuna?

Ma'aunin da nake ba masu irin tambayarka ke nan: ka tambayi kanka, me ta yarda da shi game da ni wanda ba gaskiya ba ne, kuma da ta san gaskiyar, zai iya canza shawararta ko ta mahaifinta? Turarenka ba zai canza komai ba, ta san mutum ba ya tashi daga barci da ƙamshi. Amma sana'arka, da abin da kake samu, da inda za ka ajiye ta, a kansu ake yanke shawarar aure.

Kada kuma ka ce ai in tana son ka don Allah bai kamata ta damu da kuɗi ba. Wannan magana ce mai daɗin ji da samari ke amfani da ita su rufe bakin 'yan mata. Sanin halin aljihun mai nema haƙƙinta ne. Lokacin da Fatima 'yar Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan Mu'awiya da Abu Jahm da suka nemi aurenta, bai ɓoye mata ba, ya ce Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya ajiye sandarsa daga kafaɗa, ya ba ta shawarar Usama ɗan Zaid. Malaman Malikiyya ma sun gina hukunci a kan wannan sanin: in miji ya kasa ciyarwa, mace tana iya kai ƙara gaban alƙali, a ba shi lokaci, in ya kasa a raba auren, amma in ta san talaucinsa tun kafin a ɗaura ta yarda, wannan damar ta faɗi. Ka ga ashe abin da ta sani kafin ɗaurin aure yana da nauyi har a kotu. Wanda ya ɓoye mata ya ƙwace mata zaɓi ne.

Yanzu mu bar hukunci mu yi lissafi, tunda kai ɗan kasuwa ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka ya sake ninkawa, kuma na san ba ka mayar wa abokinka mota da tanki a bushe. Wannan ƙaramin asara ne. Babban yana gaba. Da ma'aunin da ka nuna za a auna ka a komai: kuɗin gaisuwa, sadaki, yawan akwatunan lefe da irin atamfa da leshin da za a zuba, dinar da ƙawayen amarya za su tsara. Iyayen da suka ga mai mota za su sa ran gida a Malali ko Unguwar Dosa, su sayi kujeru da gado na falo da ɗakuna, alhali ƙarfinka ciki da falo ne a Rigasa ko nan Tudun Wada. Daga nan ne samari ke faɗawa hannun manhajojin bashi na waya, waɗanda in ka yi jinkirin biya suke tura saƙo ga lambobin da ke wayarka. Lambar surukinka na ciki.

Sannan akwai bincike. Gidan masu hali ba sa ba da 'ya sai sun aika an tambayi maƙwabtanka, da limamin masallacinku, da inda kake aiki. Kaduna kuma ba ta da girman da kake zato. Yayanta zai iya kawo wayarsa gyara ya same ka a kan benci da abin kwance waya a hannu. A ranar ba sana'arka za ta kashe maganar ba, don gyaran waya sana'a ce mai albarka da ke riƙe da gidaje da yawa a garin nan. Abin da za a ce a gidansu shi ne "ashe maƙaryaci ne", daga nan ko gaskiya ka faɗa kan wani abu ba za a karɓa ba.

Ban ce abokanka ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai gidajen da ake leƙo ta taga a ga da me ka zo kafin a ce tana nan. Akwai iyaye mata da ke auna saurayi da ledar da ya riƙo. Su ma 'yan matan ba a bar su a baya ba: hoton Snapchat da aka tace har uwar da ta haifa ba za ta gane ba, aron waya da gwal ranar biki, da man bilicin da hukumar NAFDAC ta ayyana a 2023 a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kowa na yi wa kowa burga. Amma gidan da ba za a amsa sallamarka ba sai da mota, za ka iya zama surukinsu shekara ashirin da motar aro?

Ba a ce ka zazzage mata duk cikinka ba. Zunubin da ka tuba Allah ya rufa maka asiri, bar shi a rufe. Ba sai ka karanta mata cinikin kowace rana ba. Abin da ya wajaba ta sani kafin manya su shiga shi ne ainihin aikinka da matsayinka a shagon, kimanin abin da za ka iya ciyar da gida da shi, inda za ku zauna, bashi mai nauyi in akwai, mata ko 'ya'ya in akwai, da lafiyar da ta shafi aure, har da gwajin jini na sikila.

Shawarata, kada ka tura kowa tukuna. Zance na gaba ka je a Keke, da shaddarka da turarenka kamar kullum. Ka gaya mata da bakinka, ba ta WhatsApp ba: "Motar nan ta abokina ce, na ga kin ɗauka tawa ce ban gyara miki ba, wannan laifina ne. Ina gyaran waya a shagon ubangidana, ga abin da nake samu, ga inda nake son in kai." In kana tara kuɗin buɗe naka shagon, faɗa mata a matsayin buri, kada ka mayar da shi kamar an gama. Ka bar ta ta yi fushi, tana da dalili, kuma kada ka matsa mata ta ba ka amsa a daren. Tana iya cewa ta fasa, wannan ma haƙƙinta ne.

In ta ce a ci gaba, ka zauna da baffanka ko duk wanda zai jagoranci neman, ka gaya masa iyakar ƙarfinka da adadi, sadaki kaza, lefe kaza, gida a unguwa kaza. Manya ma in sun shiga babban falo suka ga kujeru sukan ɗauki alkawarin da ba su za su biya ba.