Ga mai tambaya kan ruwan da ke tsattsafowa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka na kasa wucewa. Ka ce duk aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya riƙa tsattsafowa ta inda bango ya haɗu da daɓe a ɗakinka na ƙarƙashin ƙasa, fenti yana kumbura yana ɓarewa, warin danshi ya ƙi fita. Kuma ma'aikata biyu sun raba maka hankali, ɗaya ya ce a shafa fentin hana ruwa daga ciki a huta, ɗayan ya ce sai an tone bangon daga waje har gindin fandisho. Wallahi kamar gidana kake ba da labari. Allah ya yaye maka, na san abin da kake ji a ranka duk lokacin da hadari ya haɗu.

Na biyun ne ya gaya maka gaskiya. Amma kada ka yi saurin miƙa masa aikin, domin tonon ma akwai wanda zai yi maka shi ka gwammace ba a taɓa gidan ba. Ni haka aka yi mini.

Fentin ciki ba ya hana ruwa shiga bango, ɓoye maka shi kawai yake yi na ɗan lokaci. Ruwan yana nan a bayan bangon, ya cika ƙasar da aka mayar bayan an gama gini. Ita ƙasar ciko ba ta kai wadda ba a taɓa ba tauri, shi ya sa ruwa ke bin ta yana taruwa a jikin gini. Kuma ruwa nauyi gare shi. In ya taru zurfin mita 1, yana danna kowane murabba'in mita da ke gindinsa da nauyin kusan tan 1. In ya kai mita 2, tan 2 ke nan a can ƙasa, daidai wurin da ka ce yana fito maka. Wane fenti ne zai riƙe wannan daga ciki? Ture shi zai yi, shi ne kumburin da kake gani. Wannan farin abu mai kama da gishiri da ke fitowa a bango kuwa ruwa ne ya narko shi daga cikin siminti da bulo, ya bushe ya bar shi a fili. Ba datti ba ne, shaida ce cewa ruwa yana ratsa bangon.

Ɗan kwangilar da na fara ɗauka, har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi. Mutum ne mai daɗin baki, ya zo da hotunan ayyuka a wayarsa, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango yana girgiza kai, ya ce in sa a raina na rabu da ruwa har abada. Muka yi magana zai tone har ƙasa, ya liƙa shimfiɗar roba mai hana ruwa, ya sa bututun da zai janye ruwa, ya zuba tsakuwa. Na biya kuɗin kayan gaba ɗaya. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar an riga an cike inda aka tona a ranar, in na yi magana ya ce ai ba a barin rami a buɗe, kada bango ya yi rauni. Ya nuna mini baƙin kwalta da ke leƙowa a saman ƙasa ya ce haka yake har gindi. Ya dubi idona ya rantse. Wannan rantsuwar ita ta fi komai ci mini rai.

Da damina ta kankama aka yi wani ruwa cikin dare, irin wanda ba ya tsagaitawa. Wuta ta ɗauke. Matata ce ta tashe ni ta ce tana jin ƙarar ruwa daga ƙasa. Na sauka da fitilar waya, ban kai matakalar ƙarshe ba ƙafata ta nutse cikin ruwa mai sanyi har idon sawu. Da yake an ce mini an gama da matsalar, na riga na mayar da kaya ɗakin, har da akwatunan littattafan mahaifina, Allah ya jiƙansa, da wasiƙunsa da takardun makarantar yara. Na haska bango na ga ruwan yana ɓulɓulowa ta kusurwa, ja, da laka a cikinsa, ya fi na da yawa nesa ba kusa ba. Na ɗaga akwati guda gindinsa ya zube a hannuna, littattafan suka faɗa ruwa. Akwai wani littafi da mahaifina ya riƙa rubuta abubuwa da hannunsa, na buɗe shi a hasken fitila ina kallon tawadar tana narkewa tana bin takarda. Muka kwana muna kwasa da bokiti, yara suna tsaye a saman matakala suna kallonmu, ƙaramar tana kuka. Na kira mutumin nan har wayata ta mutu bai ɗauka ba. Da na same shi daga baya, ko a jikinsa, ya ce wai ruwan bana ne ya fi ƙarfin kowa, in ƙara kuɗi ya zo ya shafa mini fenti daga ciki. Fenti! Bayan ya karɓi kuɗin tono. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, gaskiya nake gaya maka.

Da rani na samu wani dattijon magini ya sake tonewa, ni kuma na ajiye komai na tsaya a bakin ramin. Abin da muka gani: kwaltar nan ba ta wuce tsawon hannu daga saman ƙasa ba, daga nan bulo ne tsirara har gindi. Shimfiɗar roba babu ko ƙyalle. Bututun ya sa, amma ya ɗora shi can sama da daɓen ɗakin, cikin laka tsantsa babu tsakuwa, kuma bakinsa bai fita ko'ina ba, a cikin ƙasa ya ƙare. Da aka zaro shi cike yake da taɓo kamar an ɗura masa da gangan. Cikon kuma ɓaraguzan bulo ne da ledoji da buhunan siminti. Wato ya sassauta ƙasar da ke jikin gidan, ya buɗe wa ruwa hanya, ya tafi.

Saboda haka ɗan'uwa, ko me za a yi, kada ka yarda a mayar da ƙasa ko shebur ɗaya sai ka gani da idonka. In ba za ka samu zama ba ka sa wanda ka amince da shi, a ɗauki hoto da ma'auni a jikin bangon. Aiki ne da ake binnewa, mai ha'inci ya san da haka. Kuma kada ka biya kuɗi duka, ka riƙe wani abu sai an yi ruwan farko.

Ga yadda dattijon nan ya yi, Allah ya saka masa da alheri. Ya tone har sai da kankaren fandisho ya bayyana, amma bai wuce gindinsa ba, ya ce wanda ya tone ƙasan fandisho ya cire wa gida abin da yake zaune a kai. Kuma ɓangare-ɓangare ya yi, bai buɗe gidan duka lokaci ɗaya ba. Aka wanke bangon da burushin waya, aka bar shi ya bushe sarai. Duk tsaga da rami aka ɗan buɗe su aka cike da siminti mai saurin kamawa, aka yi wa bulon filasta ya yi sumul. Sannan inda bango ya zauna kan fandisho, wurin da ruwa ya fi samun hanya domin ba lokaci guda ake yin su ba, ya yi masa ciko mai gangara da siminti don kada kusurwa ta yaga robar. Bayan nan aka shafa ruwan share fage, wanda ke sa roba ta kama bango, aka liƙa shimfiɗar daga sama har ta sauko ta rufe kan fandisho, kowace ta hau kan 'yar'uwarta da faɗin tafin hannu, ana murzawa don kada iska ta maƙale. A nan ka lura: kwalta siririya da ake shafawa da burushi danshi kawai take ragewa, in bango ya tsage ita ma ta tsage. Shimfiɗar roba, ko abin shafawa mai kauri da ke miƙewa, shi ke iya ɗinke ƙaramar tsaga. Ka tambayi mai aikinka wanne zai sa, ya nuna maka shi a cikin ledarsa.

A kan shimfiɗar ya jingina wata roba mai tauri mai ƙuraje-ƙuraje, tana kare ta daga duwatsu lokacin ciko, kuma ruwa yana bin tsakanin ƙurajen ya gangara ƙasa. Ya kame bakinta na sama da ƙarfe don kada ƙasa ta zuba ta baya.

Amma duk wannan rabin aiki ne in ruwa ba shi da inda zai tafi. Bututu mai huji-huji, inci 4, a kwantar da shi a gefen fandisho, ƙasa da daɓen ɗakin, hujin yana kallon ƙasa domin ruwa daga ƙasa yake tasowa. A kewaye shi da wankakkiyar tsakuwa, a naɗe tsakuwar da ƙyallen nan mai tace laka. Ya riƙa gangarawa kamar santimita 1 a kowace mita, ya fita fili inda ƙasa ta fi gidan gangare. In filinka shimfiɗaɗɗe ne babu inda zai fita, sai a yi masa ɗan rami a sa injin zuƙar ruwa. Ka tuna kuma daren da ka fi bukatar injin shi ne daren da wuta ta fi ɗaukewa, ka yi masa tanadin batir. Ka sa a bar bakin bututu guda a sama mai murfi, wanda za a riƙa zura tiyo ana wanke shi. Mu kafin a cike sai da muka zuba ruwa ta nan muka je muka ga ya fito ta ɗaya bakin.

Af, na manta, da wannan ya kamata in fara. Kafin ka kira mai tono, ka jira a yi ruwa ka ɗauki lema ka zagaya gidanka. Ina indararo yake zubarwa? Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 25, lita 2,500 yake saukewa, kuma a gidaje da yawa a gindin bango yake zube ta. Ka ja bututun rufin ya yi nisa da gini kamar mita 2. Kada kuma a haɗa shi da bututun fandisho, in ka yi haka ka kai ruwan rufin inda kake son korar sa. Ka duba ƙasar da ke jikin gidan, ya kamata ta gangara waje da kusan santimita 15 a cikin mita 3 na farko. In ta lotsa tana kallon bango, ko akwai shuke-shuke da ake ba ruwa a jikinsa, gyara wannan tukuna. Akwai wanda da wannan kaɗai ya samu sauƙi. Naka da yake fitowa ta mahaɗar bango da daɓe ina jin ya wuce nan, amma ko an tona, in ba a gyara saman ba wahala ce za a ɗora wa bututun.

Don Allah ka kula da leburorin da za su shiga ramin nan. 'Ya'yan mutane ne. Dunƙulen ƙasa mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi ya haura tan 1, in gefen rami ya rufta babu mai tsere masa. Ramin da ya kai mita 1 da rabi a tokare shi da katako ko a kwantar da gefensa, ƙasar da aka fitar a tara ta nesa da baki, kuma kada a shiga bayan ruwan sama. Ka nuna musu inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi. Yara kuma a tsare su, ni wannan ya fi hana ni barci lokacin aikin.

Warin da ka ambata ma kada ka raina shi. Fumfuna ce, kwana 1 zuwa 2 ya ishe ta ta kama jiƙaƙƙen kaya. 'Yata ta sha tari a lokacin nan, na riƙa jin ta cikin dare ina tuna mutumin nan da rantsuwarsa. Duk katifa ko kwali ko darduma da ta jiƙe ta yi baƙi-baƙi a fitar da ita, kada kowa ya kwana a ɗakin, abin da kake ƙauna kuma ka hau da shi sama tun yau, kada ka jira a gama shawara. Ko bayan an gama aikin waje bangon zai ɗauki watanni kafin ya fitar da ruwan da ya sha, kada ka yi gaggawar fenti, ka bar iska ta riƙa shiga.

Abu ɗaya ban gani a tambayarka ba, ko bangon ya tsage. In akwai tsaga ka ɗauko mana hoto. Siririya da ta sauko daga sama zuwa ƙasa galibi cikewa ake yi a wuce. Amma in ta kwanta a tsakiyar bango daga hagu zuwa dama, ko ka ga bangon ya turo ciki, ƙasa ce ke ture shi, wannan injiniya za ka fara kira kafin kowa ya sa diga. Ka gaya mana kuma bulo ne ko kankare, da irin ƙasar wurin, laka ce ko yashi, sai in ƙara maka abin da na sani. Allah ya haɗa ka da mai amana.