Sankarar ɓargo da maganin garkuwar jiki: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, mijina yana da mayeloma, wato wani nau'in sankarar ɓargo. Zan iya ɗauka?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ba a ɗauka. Ki ci gaba da jinyarsa hankali kwance.

Tambaya: An ce za a fara wa Babanmu maganin garkuwar jiki. Sai wani ya kawo mana kwalaben "ƙara garkuwa", ya ce duk tafiyarsu ɗaya. Mu dakatar da na asibiti?

Amsa: Don Allah Malam, kada ku kuskura. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin suna ne kawai ya zo ɗaya.

Mayeloma a cikin garkuwar jikin kanta take. Wasu ƙwayoyi ne na ɓargo, waɗanda aikinsu haɗa sinadaran yaƙi da cututtuka, suke lalacewa su yi ta hayayyafa, su cinye ƙashi, jini ya ragu. To me mai kwalba zai ƙara wa ƙarfi?

Maganin asibiti saiti yake yi. Daratumumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2015, yana manne wa wata alama mai suna CD38 a jikin ƙwayar sankarar, sai garkuwar jiki ta gane ta, ta kashe. Akwai kuma CAR-T, tun 2021: a ɗebi ƙwayoyin T na majiyyaci, wato wasu sojojin garkuwar jiki da ke cikin jini, a sauya su a ɗakin gwaji yadda za su farauci wata alama mai suna BCMA a jikin ƙwayar sankarar, a mayar masa.

Ƙodar Baba ce abin da ya fi damuna. Gurɓataccen furotin da ciwon ke zubarwa yana toshe ƙananan hanyoyin ƙoda. Na duba wani dattijo da ya bar zuwa asibiti, ya koma kan irin waɗannan kwalabe, yana haɗawa da diclofenac saboda ciwon baya. Da aka dawo da shi, takalmi ba ya shiga ƙafarsa, fitsarin yini guda bai cika kofi ba. Ku kai kwalaben wa likitansa ya gani, kafin Baba ya kurɓa ko da cokali ɗaya.

Tambaya: Bayan an yi mini allurar maganin garkuwar jiki a asibiti, zazzaɓi ya rufe ni cikin dare. Na sha farasitamol na kwanta.

Amsa: Kin yi ganganci, Hajiya. Waɗannan magunguna suna rage wa jiki kariya, wasunsu kuma kan tunzura garkuwa ta wuce gona da iri. In zafin jiki ya kai digiri 38 na Celsius, a tafi asibiti a daren nan, ba sai gari ya waye ba. Na sake faɗa: a daren.

Tambaya: Ina shan maganin mayeloma mai suna lenalidomide, zan iya ɗaukar ciki?

Amsa: Sam. Dangin thalidomide ne, maganin da aka sani da nakasa jarirai a ciki, shi ma yana iya nakasa jariri. In kina zargin ciki ya shiga, ki dakata da shan, ki kira likitanki yau.